Gashin Gauraka a Wuyan Randa

Tun ina amarya nake ƙirga gauraki. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don na san dariya za a yi mini. Duk safiyar da muka gangara fadama ɗibar yumɓu, mata suna gaba suna hira, ni ina baya da kwando a ka, bakina yana motsi: ɗaya, biyu, uku. Shekarar da aka yi mini aure sai in yi ta ƙirga har in rikice, don ba sa tsayawa wuri ɗaya. Shekarar da na haihu, yatsun hannuwana suka ishe ni. Da na yaye yarinyar, hannu ɗaya ma ya yi yawa. Na riƙa yawo da tunanin wata safiya zan buɗe baki in ce "ɗaya", in duba kwarin nan na bayan Dagumawa daga gabas har yamma, in rasa abin da zan nuna.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne haɗin mai ginin tukwane da tsuntsu. To ga shi. Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni, ita ta koya mini sana'a. Duk randar da ta fito daga hannun zuriyarmu, za ka ga zane uku a wuyanta, suna tafiya suna lanƙwasa kamar ruwa. Da gindin gashin gauraka ake jan su. Kuma ba kowane gashi ba, sai wanda tsuntsun ya yar da kansa, yarinya ta tsinta da hannunta. Ba a fizga, ba a saya, ba a ara. Yarinyar da ba ta tsinci nata ba tana iya yin kasko da asusu har ta tsufa, amma ba za a ba ta randa ta gina ba. Nawa na tsinta ina da shekara bakwai, yana nan cikin wani gwangwani, duk ya yi sanƙo saboda aiki. 'Yata nake ji. Marka ake ce mata, don cikin marka aka haife ta. Sunanta na yanka ba zai fito daga bakina ba, 'yar fari ce. In gauraki suka ƙare, me Marka za ta tsinta?

'Yan makaranta masu zuwa sayen asusu ran Juma'a a kasuwar Wudil sukan tsaya a kaina su ce, "Ai wannan wasan laka ne, mu ma mun yi muna yara." To bari in gaya muku yadda wasan yake.

Ɗibar yumɓu ita ce farko, kuma ita ke karya baya. Sai an haƙa rami ya kai ƙugu, an wuce baƙar ƙasar sama, an wuce yashi, sannan a tarar da shi kwance, mai sanyi, mai sheƙi kamar hanta. Gwaggo ba ta yarda da ido. Gutsura take yi ta sa a haƙori. In ya yi mata ƙas-ƙas sai ta tofar ta ce a ƙara gaba. In ya narke mata a harshe sai ta ce, "Bismillah, ku cika." A kai gida a shanya, a daka, a jiƙa kwana biyu, a zuba dakakken tsohon kasko, a hau da ƙafa. Na yi shekara uku ina wannan takun kafin a bar ni in taɓa tukunya. Tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar gero in ta ɓuya a ciki, ita za ta fasa randa ranar wuta.

Ginin randa kuwa, kayan aikinsa ba su cika ƙwarya ba: sakaina ta kankare ciki, tsumma mai laushi na gyaran baki, tsakuwar kogi mai santsi ta goge jiki, sai gashin. Za ki kife tsohuwar tukunya, ki barbaɗa mata toka, ki shimfiɗa yumɓu a bayanta ki daddaɓe, ki bar shi ya sha iska. In ya kama jikinsa ki ɗaga ki juya, shi ne gindi. Daga nan sai murza yumɓu kamar igiya, kina ɗorawa kina shafewa. Randa ba ta juyawa, ke kike juyawa. Da baya-baya kike kewaya ta, kanki a sunkuye, goyo a bayanki, har katanga da bishiya da kaji su fara kewaya ki su ma. Akwai lokacin da nakan manta ko ni nake gina randar ko ita ce take janyo ni. Marka ta fi yin barci a wannan kewayen fiye da kan tabarma.

Ranar toyi ba a yawan magana. A matoya, can bayan gari, ake jera kara a ƙasa, a kife tukwane a kai, manya a tsakiya, a rufe da fasassun kasake, sannan a lulluɓe da busasshiyar ciyawa har ya zama kamar rumbu. Ciyawar nan ita ce ran aikin. Wutarta tana tashi da sauri, ta kewaye ko'ina daidai, ta mutu ta bar toka mai riƙe zafi. In kika ji "tas!" daga cikin wuta, kowa sai ta sunkuyar da kai, don ba a san ta wa ce ba, kuma randa ba ta fashewa ita kaɗai, sai ta tafi da maƙwabtanta. Da safe Gwaggo takan bi su ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa. Wadda ta yi mata daɗi sai ta zura kai ciki ta yi kira. Ta ce randar kirki amsawa take yi da muryar gauraka, mai zurfi, kamar daga nesa. Masu saye ma sun koya. Matan Fulani in sun zo da tallan nono sai ki ga mace ta ajiye ƙwaryarta ta cusa kai cikin randa tana "garrau, garrau", 'yan'uwanta suna ta dariya.

A tsakiyar kwarin da muke ɗibar yumɓu akwai wani ɗan tudu mai doguwar ciyawa. Da, in kogi ya cika ya malalo, ruwa yakan kewaye shi har gwiwa. Nan gauraki suke tattake ciyawa su yi sheƙa su yi ƙwai. Dokar gidanmu ita ce ba a sa lauje a tudun nan sai 'ya'yan sun tashi sama, wajen lokacin da dawa ta nuna. Ba wanda ya rubuta ta, ba kuma wanda ya taɓa karya ta, don ciyawa tana ko'ina.

Da sassafe, lokacin da tururi yake kwance a kan ruwa, nan nake ganin rawarsu. Namiji ya sunkuya, ya buɗe fiffike, farin ya bayyana, ya daka tsalle ya sauko a hankali kamar an riƙe shi da zare. Macen ta ɗauki tsinke ta jefa sama. Tukkun kansu in rana ta taɓa shi sai ya zama kamar an kunna fitila. Ina yarinya na ɗauka 'yan biki ne aka mayar tsuntsaye, suna jiran a dawo da makaɗa.

Sai shekarun nan na kuɗin fetur suka zo. Manyan motoci suka riƙa wucewa ta kan gada ɗauke da siminti, tun safe har yamma, ƙasa tana rawa har ɗanyun tukwanenmu suna motsi a inuwa. Samari suka ajiye fartanya suka tafi Kano leburanci. Bokitin roba ya shigo kasuwa, ja da shuɗi, da tukwanen ƙarfe masu walƙiya. Uwar amarya da a da sai ta zaɓi randa biyu, yanzu sai ta ɗauki ɗaya, "don ruwan sanyin tsohuwa". Muka ji kuma an tare kogin can sama da wata babbar madatsa. Ni ban gan ta ba. Abin da na gani shi ne kogi ya daina hauka. Yana tafiya sumul damina da rani, ba ya ƙara malalowa kwarinmu. Maigidana, Malam, masunci ne. Ya ce kifi ma ya rikice, bai san lokacin ƙwai ba.

Mugunyar shekarar ita ce wadda ruwan sama ya ɗauke da wuri. Marka tana da shekara uku. Gero ya tsaya iya gwiwa, ciyawa ta ƙone a tsaye, shanu suka cinye sauran. Duk fadamar babu abin toyi sai tudun gauraki. Su kuma saura biyu rak, mace da namiji, kuma sun ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu a kan tudun da ko kaza za ta taka ta hau, don ruwan da ke tsare su babu shi.

Ran wata Juma'a farar mota ta tsaya a rumfarmu. Direban wani ɗan kwangila ne, da agogo da baƙin tabarau. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo da kyau, ya tambayi gida da jikoki da sana'a. Ya ce maigidansa ya gina sabon gida a Kano, yana son tukwanen shuka furanni, manya, cikin mota guda, kafin sati uku. Kande, 'yar Gwaggo, taubashiyata, har ta fara gyara ɗaurin kallabi. Mun kwana biyu ba mu ga aiki irin wannan ba.

Sai ya rage murya ya ce, "Iya, an ce a kwarinku akwai gauraka da 'ya'ya. Alhaji yana son guda biyu su riƙa yawo a tsakar gida. Duk manyan gidaje yanzu akwai su. In kin sa an kamo, tare zan kwasa da tukwanen."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, tukwane nake ginawa. Tsuntsu ba ni na gina shi ba."

"Ai gata za a yi musu, Iya. Shinkafa za su ci."

"Uwarsu ta kawo maka ƙarar yunwa ne?"

Ya yi dariya, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Ya ce ba komai, akwai maharba, tukwanen ma akwai masu yi a wani wurin. Motar ta tashi. Kande ta bi ta da kallo ta ce, "Inna, kin kori tuwon wata uku saboda tsuntsun da ko gaishe ki ba ya yi."

Washegari ban jira kowa ba. Gari yana wayewa na goya Marka na ɗauki kwando na gangara. A gindin tudun na ga sawun kare, na ga kuma sawun takalmin taya, sabo. Iyayen suna can nesa suna kiwo, suna buga ƙafa a ƙasa don fara ta tashi. Na kutsa cikin ciyawar. Da ƙyar na gan su, sun kwanta sun miƙe wuya a ƙasa, launinsu kamar na busasshen kara, kowanne bai fi ɗan shila ba, sai dogayen ƙafafu. Na sa hannu, zuciyar ɗaya tana bugawa a tafina kamar za ta fito. Ban yi shawara da kowa ba. Na sa su a kwando na rufe da mayafi na yi gida, har ina tuntuɓe.

Ku da ba masu tukwane ba, ba za ku gane abin da na yi daga nan ba. Ni a duniya ban san wurin da ya fi cikin randa aminci ba. Nan muke ɓoye iri daga ɓera, nan muke ɓoye zannuwa daga gara, gobara ma takan cinye ɗaki ta bar randa a tsaye. Na jawo babbar randata wadda ban sayar ba, na shimfiɗa ƙaiƙayi, na sa ruwa a kasko da tsabar gero, na saka su, na rufe da faifai. Na zauna na jingina da ita. Rabon da in ji hankalina ya kwanta haka tun kafin in haihu.

Ba a jima ba randar ta fara kuka. Siririyar murya ce, amma randa ta ɗauke ta ta kumbura ta, ta cika tsakar gida. Sai kuma aka amsa daga sama. Na ɗaga kai. Ga su nan su biyu suna kewaya unguwa, ƙafafu a miƙe, suna kira, suna kira. Gauraka bai taɓa ratsowa ta kan gidaje ba. Mata suka fito suna kare ido da hannu. Marka ta manna kunne a jikin randar ta ce, "Tana magana."

A haka Gwaggo ta shigo, Kande tana bayanta. Ta ɗaga faifan ta leƙa, ta mayar a hankali.

"Saude, wa ya aike ki?"

"Gwaggo, na ga sawun takalmi. Kama su za a yi."

"To ai an kama su."

Kande ta tafa hannu. "Sarauniyar tsoro! Mai farar mota ya sha wahalar banza, ashe maharbin yana cikin gida. Ki toya su mana tare da tukwane, su yi ƙwari."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan turmi ta ce ta taɓa kai randuna wani gida a birni, ta ga gauraka a can. An yanke masa fiffike, yana tafiya tsakanin motoci, yana cin tuwo a kwano tare da kaji. Ta ce ya ga kare bai gudu ba, ya ga mutum ya biyo shi. "Wa zai koya wa waɗannan kama fara? Ke? Wa zai koya musu su kwanta in shaho ya gifta? In suka girma a randarki, randa za su sani. Ko kin sake su, ƙofarki za su dawo, ba za su yi ƙwai ba, ba za su yi rawa ba. Kin tsare su daga mutuwa, kin kuma tsare su daga zama gauraki."

Na ce, "In na mayar kuma kare ya cinye fa?"

"Yana iya cinyewa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Tashi, tun iyayen ba su gaji da kira ba."

Mu uku muka koma, Marka a bayana. Na ajiye su daidai inda na ɗauke su, muka ja da baya muka shiga wani tsohon ramin yumɓu muka kwanta, Marka a ƙirjina, na toshe mata baki da hannu. Rana ta yi sama, ta karkata. Ƙudaje suka dame mu. Kande ta raɗa mini cewa in kunama ta harbe ta, ni zan yi mata daka har shekara. Wajen la'asar inuwa biyu suka wuce ta kanmu. Suka sauka nesa, suka daɗe a tsaye kamar an dasa su. Sannan macen ta fara takowa, taku ɗaya, ta tsaya, taku ɗaya, ta tsaya, tana wani gurnani can ƙasan maƙogwaro wanda ban taɓa ji ba. Ciyawa ta motsa. Ƙananan kawuna biyu suka fito. Na ji Gwaggo tana hamdala a hankali, da ƙasa a leɓenta.

Daga ranar muka kwashe aikinmu muka mayar bakin kwarin. A can muke daka, a can muke cuɗa, wasu su zo da safe wasu da yamma, don maharbi ba ya son idon mata. Mai takalmin tayan ya zo sau biyu, ya tarar da Kande, ta yi masa tambayar lafiyar matansa da ƙarfi har masu wanki a bakin kogi suka ji. Bai ƙara zuwa ba. Ciyawar tudun ba mu taɓa ba. Kashin shanu muka riƙa kwasowa daga kasuwar shanu muna toyi da shi. Wutarsa nawa gare ta, ga hayaƙi, tukwane suka riƙa fitowa da dabbare-dabbaren baƙi, masu saye suna taɓe baki. Duk da haka kare ya ɗauki ɗaya daga 'ya'yan gaurakin, wata safiya kafin mu iso, saura kwanaki kaɗan su tashi. Ƙafa ɗaya muka tarar. Ɗayan ya tashi. Na gan shi ya yi gudu, ya yi gudu, ƙasa ta sake shi.

Kwanciyar nan da muka yi a tsohon rami ita ta tsaya mini a rai. Duk fadamar ta bushe ƙaƙas, amma gindin ramin da danshi, har zanena ya jiƙe. Yumɓu ba ya barin ruwa ya tsere, aikinmu ke nan, mun fi kowa sani. Na kuma lura kare ba ya tsallaka raminmu in da ruwa, kewayawa yake yi. Na yi kwana da kwanaki ina juya maganar kafin in iya faɗa, ranar muna cuɗa.

"Gwaggo, tunda dole mu haƙa rami kowace shekara, me zai hana bana mu haƙa shi a kewayen tudun? Kowa ta ɗora daga inda 'yar'uwarta ta tsaya, har ya haɗe. In kogi ya ƙi zuwa, ruwan sama ya cika shi."

Kande ta ce, "To fa. Jiya randa, yau ganuwa. Gobe sai ki ɗinka musu riguna."

Gwaggo ta miƙe. Ta ɗauki fartanya ta tafi gindin tudun, ta sara, ta sara, ta gutsuro ta sa a haƙori. Muna jin ƙas-ƙas daga inda muke. Ta tofar, ta goge baki.

"Mugun yumɓu ne. Rabinsa yashi." Ta dubi tudun. "Gobe kowa ta zo da fartanya."

Ranin nan ban taɓa shan wuyar aiki irin tasa ba. Yumɓun sai an jiƙa shi a tace da rariya, a bar yashi ya kwanta, a kwashe na sama, aikin kwana biyu ya koma na biyar. Duk da haka ranar toyi sai "tas, tas" kamar ana harbi. Wata rana na buɗe matoya na tarar randunana huɗu, uku sun tsage tun daga baki har gindi. Wasu mata biyu suka gaji suka koma tsohon wurin, ban ga laifinsu ba. Kande tana mita tana haƙa, kuma raminta ya fi na kowa zurfi. Malam ya zo kallo wata rana, ya auna da sandar tuƙin jirgi ya ce, "Ku ƙara kamu biyu, kare na iya tafiya a wannan." Ya tuɓe riga ya shiga. Muka bar wata 'yar siririyar hanya ta shiga tudun, sai da hadarin farko ya haɗu a gabas sannan Gwaggo ta sa aka sare ta.

Ruwa ya sauka. Ramin ya cika, ya zama zobe, sama tana kwance a cikinsa. Kwaɗi suka tare, bado ya fito ban san daga ina ba. Ciyawar tudun ta yi tsawo har ta fi mutum. Gauraki kuwa, da suka bar kwarin tun farkon rani, ba su dawo ba. Kullum in gangara in buɗe baki zan ƙirga, in rufe. Kande ta daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Sai cikin marka, wata safiya ana yayyafi, tun daga kan gangare na ji kiran, mai zurfi, kamar wani ya zura kai a randa. Ɗaya. Biyu. Uku. Iyayen suna kan tudun suna tattake ciyawa. Na ukun, ɗan bara, tukkunsa bai gama cika ba, sun kore shi gefe, yana tsaye a bakin zoben yana kallon kansa a ruwa. A shekarar suka fitar da biyu, duka suka tashi. Sawun kare ya kewaye zoben ya kewaye, bai shiga ba.

Bana Marka ta cika shekara shida. Kwanakin baya, bayan 'ya'yan sun tashi, muna bakin zoben muna wanke fartanya, ta ja mini zane. Gashi ne, fari, dogo, yana yawo a kan ruwa, iska tana juya shi a hankali. Yana can tsakiya. Na yunƙura zan shiga, Kande ta riƙe mini gefen zane ta baya.

"Ina za ki? Naki yana gwangwani."

"Ruwan zai kai mata ƙirji."

"Ke kika ce a haƙa. Zauna."

Gwaggo tana gefe tana kallon wani wuri, kamar ba ta ji. Marka ta tuɓe ɗan zanenta ta ajiye, ta sa ƙafa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cibiya. Laka ta riƙe mata ƙafa, ta yi tangaɗi, na ji muryata ta taho har maƙogwaro, na haɗiye ta. Ta miƙa hannu, gashin ya matsa. Ta tsaya cik, ta daina motsi, kamar yadda ta ga ana yi. Gashin ya juyo da kansa ya zo ya taɓa mata yatsa. Ta fito tana ɗiga, haƙoranta suna kaɗawa, ta wuce ni ta kai wa Gwaggo. Gwaggo ta juya shi, ta gwada gindinsa a farce, ta mayar mata ta ce, "Nemi gwangwani."

Yanzu gauraki bakwai ne a kwarinmu. Har yau ina ƙirgawa, ban iya dainawa ba. Ɗan nan na farko da ya tsira har yanzu bai sami mata ba, shi kaɗai yake rawarsa. Yakan jefa tsinke sama, ya faɗo, ba mai ɗauka. Malam ya ce a da daga wasu fadamun abokan aurensu suke zuwa su haɗu, yanzu can ɗin ma an kwashe.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, a ajin yaƙi da jahilci na koyi haɗa baƙi, don haka roƙona gajere ne. In an kawo muku ɗan gauraka a kwali, a kasuwa ko a ƙofar gida, kada ku saya, ko da kun ji tausayinsa, don in kun saya gobe za a koma a ɗauko ƙaninsa. In kuma a fadamarku akwai inda suke ƙwai, ku bar musu ciyawar wurin da ɗan ruwan da ya kewaye ta har dawa ta nuna. Bayan nan ku yanka, mu ma yanka muke yi.